Fansa, Ceto, Tuba da Tsarki: Kalmomi Huɗu a Bakin Mutanen Zamfara

Duk mai sauraren labarun rediyo a Jihar Zamfara cikin 'yan shekarun nan, ko yana so ko ba ya so, ya riga ya haddace wasu kalmomi guda uku saboda yawan maimaici. Yau a ce an biya kuɗin fansa, gobe a ce jami'an tsaro sun ceto mutum kaza daga daji kaza, jibi kuma a ce wasu 'yan bindiga sun tuba. To waɗannan kalmomi, wato fansa da ceto da tuba, idan aka haɗa su da ta huɗu, wato tsarki, su ne ginshiƙan da koyarwar addinin Kirista ta tsayu a kansu cikin harshen Hausa. Su ake ji kowace Lahadi a majami'un da ake wa'azi da Hausa a Gusau da Tsafe da Bungudu, kuma su ɗin ne dai ake ji daga kan mumbari ranar Juma'a. Baki ɗaya muke furta su, amma ba kullum muke nufin abu ɗaya ba.

Ni Bahaushe ne, Kirista, kuma nazarin harshe shi ne sana'ata. Ba wa'azi na zo yi a wannan shafi ba, domin wa'azi yana da masu shi, yana kuma da wurarensa. Ra'ayina shi ne, wani kaso na rashin jituwar da ke tsakanin maƙwabta a wannan yanki ya samo asali ne daga yadda kowa ke jin kalmar ɗan'uwansa da kunnen addininsa, ya fassara ta yadda ya saba, sannan ya yanke hukunci ba tare da ya tambaya ba. Hausawa kuwa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda aka yi kalmomin nan suka shiga majami'a. Wani Bajamushe ɗan mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya biyo ayarin da ya hau Kogin Kwara a shekarar 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ne ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, inda Bisharar Matiyu ta fito a 1857. Wanda ya jingina da shi wajen Hausa kuwa wani yaro ne mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Daga baya Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya jagoranci aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shekara biyu bayan haka, a 1934, ƙamusun Bargery ya fito, shi ma kuwa a matsayin ɗan mishan ya fara zuwa ƙasar nan.

Masu wannan aiki ba su ƙera sababbin kalmomi ba sai inda ya zama dole. Sun tarar da harshen da Musulunci ya shafe ɗaruruwan shekaru yana yi wa ban ruwa, sai suka ɗiba daga rijiyar da suka samu. Zunubi, gafara, tuba, addu'a, sujada, annabi, mala'ika, ruhu, alheri, bishara, Almasihu, duk daga Larabci suka shigo Hausa kafin zuwan Turawa. Wasu kuma, irin su ceto da tsarki da zumunci da ban gaskiya, Bahaushe ya gaje su kaka da kakanni. 'Yan kaɗan ne baƙi, kamar ikkilisiya da baftisma waɗanda asalinsu Helenanci ne, da coci da fasto waɗanda muka aro daga Ingilishi. Sunan Mahalicci ma ɗaya muke kira. A ƙasar Maleshiya sai da aka je kotu, har kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013. A ƙasar Hausa kuwa sama da shekara 90 ke nan Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da wannan suna, kuma ya zauna daram. Wannan arziki ne da ya kamata mu san darajarsa.

A nan yankinmu, isowar jirgin ƙasa Gusau daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 da cinikin gyaɗa da auduga su suka kawo ma'aikata da 'yan kasuwa Kiristoci daga Kudu. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta yi aiki a lardin Sakkwato, kuma daga cikinta ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. A 1953 aka danƙa yankin Katolika na Sakkwato ga limaman Dominikan daga Amurka, waɗanda suka yi sansani a Gusau. Ɗarikar Angilikan ma tana da bishop nata a garin. Bayan baƙi akwai 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gari sai wannan. Sa'ad da aka ƙirƙiro jihar a 1996, da sa'ad da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, duk suna nan, kuma har gobe suna nan.

Bari mu fara da fansa, ko hwansa kamar yadda Bazamfare ke faɗi. Tsohuwar kalma ce mai fuska uku. A zamanin bauta, fansa ita ce dukiyar da dangi ke biya su karɓo ɗan'uwansu da aka kama, ko wadda bawa ke tarawa ta hanyar murgu har ya fanshi kansa. Fuska ta biyu ita ce ɗaukar fansa, wato ramuwa. Ta uku ita ce wadda majami'a ta ɗauka, inda ake kiran Yesu Almasihu Mai Fansa. Koyarwar ita ce, ɗan Adam bawa ne a hannun zunubi, ba ya da murgun da zai isa ya fanshi kansa, don haka wani ne ya biya a madadinsa, kuma da ransa ya biya. Kirista ya gaskata cewa mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu su ne wannan biya.

A nan akwai bambanci na gaske tsakanin addinan biyu, kuma ɓoye shi yaudara ne. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 157, kuma aƙidarsa ita ce babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Babu wani nazarin harshe da zai share wannan. Amma sanin inda bambancin yake ya fi zargi a cikin duhu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda fuskoki biyun farko suka danne rayuwarmu. Mutumin Tsafe ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya fansa. Wani kuma an kashe nasa, ya shiga daji ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, shi ma nasa su zo su rama. A watan Satumba na 2021 Sarkin Bungudu kansa ya faɗa hannun masu garkuwa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi sama da wata guda a wurinsu. A Satumba na 2023 aka kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. Mai satar mutane ba ya tambayar ranar ibadar wanda ya kama kafin ya yanka masa kuɗi. Ga Kirista kuwa akwai hisabi na musamman a nan, domin wanda ya ce an fanshe shi kyauta, ya rufe wa kansa ƙofar ɗaukar fansa. Wannan ita ce koyarwar, ko da kuwa ba kowa ke iya riƙe ta ba ranar da wuta ta zo gidansa.

Sai ceto. Idan Musulmi ya ji kalmar a fagen addini, abin da ke zuwa zuciyarsa shi ne ceton da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama da izinin Allah, wato abu ne da ake fata a gobe. Idan Kirista ya ce ya sami ceto, yana nufin abin da ya riga ya faru a nan duniya, wato an gafarta masa, an sulhunta shi da Allah, kuma yana jiran cikarsa a ranar ƙarshe. Saboda haka ne Musulmi kan ji maganar kamar girman kai, ya ce wane ne ya leƙo littafinsa har ya san makomarsa? Alhali a wurin mai faɗin, maganar ta ƙasƙantar da kai ce, domin cewa yake yi ba aikinsa ya ba shi ba. Kalmar da aka zaɓa wa wannan ita ce alheri, wato kyautar da ba a yi wa aiki ba, ba a kuma cancance ta ba. Hannun da ake karɓarta da shi kuwa shi ne ban gaskiya, kalmar da gininta kaɗai ya isa bayani: ka ba wani gaskiya, ka dogara da maganarsa.

Su ma Kiristocin ba su taru a kan bayani ɗaya ba. Mabiya ECWA da Baftis da makamantansu sun fi jaddada cewa ta ban gaskiya kaɗai ake samun kuɓuta, yayin da Katolika ke ƙara jaddada cewa alherin yana aiki ne ta hanyar baftisma da sauran ibadodin ikkilisiya, yana kuma bayyana cikin ayyukan ƙauna. A kan wannan ne Turai ta rabu tun zamanin Martin Luther a 1517, kuma sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, ne Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan matsaya guda a birnin Augsburg na Jamus. Idan har mutanen da ke karanta littafi ɗaya sun kwashe kusan shekara 500 kafin su fahimci abin da junansu ke nufi da kalma guda, ina ga mu da ke karanta littattafai biyu? Ashe haƙuri da tambaya sun zama wajibi.

Tuba kuwa ita ce kalmar da muka fi kusa da juna a kanta, ita ce kuma wadda aka fi wulaƙantawa. Malaman Musulunci sun shimfiɗa sharuɗɗanta: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. A majami'a ma haka abin yake. Labarin da ake koya wa yara a kan wannan shi ne na Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, wanda ya zo a Bisharar Luka sura ta 19. Alamar tubarsa ita ce ya raba rabin dukiyarsa ga matalauta, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. To tun daga sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta shiga da 'yan bindiga a 2019, kalmar tubabbe ta zama ruwan dare a bakin hukuma da 'yan jarida. Abin tambaya a nan shi ne, shanun da aka kora sun koma garkensu? Marayun da aka bari an nemi gafararsu? Ana iya yin sulhu saboda larura, wannan aikin masu mulki ne, amma a kira shi da sunansa. Mutumin da ya ajiye bindiga ya riƙe dukiyar zalunci bai tuba a ma'aunin masallaci ba, bai kuma tuba a ma'aunin majami'a ba. Idan muka bar kalmar ta yi arha haka, gobe liman ko fasto ya ce wa matashi ya tuba, zai ɗauka cewa ciniki ake tayi masa.

Ta huɗu, tsarki, ita ce ta fi jawo raini a zaman yau da kullum. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya fara sanin tsarki ne daga Ahalari da Ishmawi: tsarkin hadasi da na kabasi, alwala da wanka da taimama. Idan ya ga maƙwabcinsa ya shiga wurin ibada da takalmi ba tare da ya taɓa ruwa ba, sai ya ce ai waɗannan ba su san tsarki ba. Shi kuma Kirista, da ya ga buta, sai ya ce ai tsarkinsu bai wuce fata ba. Duka biyun sun yi kuskure. Musulmi yana da tsarkin zuciya, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suka yi rubuce-rubuce a kansa, yana kuma cewa tsarki ya tabbata ga Allah, inda babu maganar ruwa sam. A wurin Kirista kuwa, tsarki yana nufin keɓewa. Abu mai tsarki shi ne wanda aka ware domin Allah, kuma a Sabon Alkawari tsarkaka suna ne na dukan masu bi. Koyarwar Almasihu a Bisharar Markus sura ta 7 ita ce, abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, irin su sata da kisa da zina da haɗama da ha'inci. Tsarkakewa kuwa aiki ne na tsawon rai, wanda Ruhu Mai Tsarki ke yi a cikin mai bi bayan ya sami ceto. Ma'ana, ceto shi ne shiga gida, tsarki kuma shi ne zaman gidan.

A nan ne zan juyo ga 'yan'uwana na majami'a, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Iyayenmu da suka karɓi wannan addini a ƙauyuka an san su da abu biyu, ba sa ƙarya, ba sa cin amana, har ya zama ana ba su ajiya. A yau wasu sun taƙaita tsarki ga ɗaurin ɗankwali da tsawon zane da barin 'yan kunne, alhali mudun da suke awo da shi a kasuwa an buge masa gindi. Wasu kuma sun mayar da alheri ya koma mota da gida da ƙarin girma a ofis, har ana auna ban gaskiyar mutum da nauyin baikonsa. Horon ikkilisiya, wanda a da ake zaunar da mai laifi a bencin baya a hana shi Jibin Ubangiji har sai ya gyara, yanzu ya fi saurin hawa kan yarinyar da ta yi ciki da talakan da ya sha burkutu, ya tsallake mai kuɗin da ya cinye haƙƙin ma'aikatansa. Maƙwabcinmu Musulmi ba zai karanta littafinmu ba, halinmu zai karanta, kuma daga nan zai fassara kalmar tsarki.

Ikkilisiya a asalin ma'anarta taron mutanen da aka kira ne, ginin kuwa majami'a ne. Abin da ke riƙe ta shi ne zumunci, kalmar da Bahaushe ya ce a ƙafa take. Duk wanda ya ga yadda Zumuntar Mata ke tsayawa a kan haihuwa da jinya da makoki, ko yadda ake zagayawa da faranti a tara wa iyalin wanda aka sace, ya ga wannan ma'ana da idonsa. Haka ake yi a masallatai bayan sallar Magariba. Roƙona shi ne kada farantin ya tsaya a bakin ƙofa. Zumuncin da bai kai ga maƙwabcin da ke bayan katanga ba, ƙungiya ce kawai.

Wani hanzari ba gudu ba, na san akwai masu suka ta ɓangarori biyu. Akwai Musulmin da ke ganin cewa amfani da kalmomin nan a majami'a dabara ce ta jan hankalin marasa ilimi. Akwai kuma Kiristocin da ke ganin Hausa harshen danniya ne, gara a koma Ingilishi. Ga na farko ina cewa, harshe gadon duk wanda aka haifa a cikinsa ne, kuma jikan Bamaguje ba ya da wata kalmar da zai kira gafara da ita in ba gafara ba. Kiristocin Masar da Labanan da Larabci suke ibada, ba a kuma ce sun yi sata ba. Ga na biyu ina cewa, ku dubi abin da ke faruwa da matasanmu na birni, waɗanda ke iya rera waƙa da Ingilishi amma ba sa iya bayyana wa abokin karatunsu abin da suke nufi da ceto cikin jimla biyu ta Hausa mai kyau. Wanda ya kasa bayyana kansa, wani ne zai bayyana shi, kuma ba lalle ya yi masa adalci ba. Magana zarar bunu ce. A watan Agusta na 2016 mutum 8 suka hallaka a Talata Mafara bayan zargin ɓatanci da aka yi wa wani ɗalibi. Ba mu da sauran uzurin wasa da kalmomin addini, ko wajen furta su ko wajen fassara su.

Daga ƙarshe ina da shawarwari uku. Ta farko ga abokan aikina na sassan Hausa a jami'o'in Gusau da Sakkwato da Kano da Zariya: Hausar majami'a wani reshe ne na harshenmu da ya haura shekara 160 a rubuce, ya cancanci a sa ɗalibai su nazarce shi, kuma duk ƙamusun da zai biyo bayan na Jami'ar Bayero na 2006 ya kawo ma'anonin nan gefe da gefe, kowace da bayanin masu ita. Ta biyu ga makarantun horar da fastoci: a koyar da Hausa a matsayin darasi mai zaman kansa, a kuma koya wa ɗalibi abin da Musulmi ke ji idan an furta kowace kalma, domin ya san nauyin abin da ke fita daga bakinsa. Ta uku ga malamai da sarakuna da shugabannin majami'u na Gusau da Tsafe da Bungudu: zaman da akan kira bayan rikici ya ɓarke, a riƙa kiransa tun ana zaune lafiya, kuma a ware wani lokaci a cikinsa da kowane ɓangare zai faɗi abin da yake nufi da bakinsa, ɗayan yana saurare, ba tare da muhawara ba.

Ba na tsammanin wannan zai sa wani ya bar addininsa, ba kuma shi ne nufina ba. Abin da nake fata shi ne, ranar da yaro ya tambayi mahaifinsa abin da mutanen gidan can ke nufi da ceto, uban ya ba shi amsar da mutanen gidan can za su ji su ce haka ne. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya ba mu tuba ta gaskiya, Ya zaunar da Zamfara da Nijeriya lafiya, amin.